Masakin mahaifiyata a hannun gyartai

Shekarun baya, shekarar da na fara koyarwa a Garwa, na tafka wani shirme da har yau idan na tuna shi sai kunya ta kama ni. Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, sabuwar metires, wato malamar makaranta, albashi ya fara shiga hannu. Kai, ku bar ni da jin kai a wannan lokacin! Jaka a kafaɗa, takalmi mai ƙwas-ƙwas, ina jefa Faransanci cikin magana ko wanda nake yi wa ba ya ji.

Da babban hutu ya zo sai na tafi gida, wani ƙauye ne kusa da Mindif, wanda in ka tsaya a bakin rijiyarmu kana hango dutsen nan tsaye shi kaɗai. Na tarar mahaifiyata tana haɗa kaya. Yayata ce ta haihu a Ngawundere, za ta je ta zauna mata jego. Mahaifina mahauci ne, tun da sassafe yake fita sai yamma, saboda haka gida ya koma hannuna.

Mahaifiyata ba mace ce mai yawan magana ba, ba ta kuma yawan dariya. Ba ta taɓa dukana ba, amma kallo ɗaya za ta yi min in shiga taitayina. A ɗakinta akwai wani masaki, wato babbar ƙwarya, irin wadda mutum biyu ke iya cin tuwo a ciki su ƙoshi su bar saura. Na mahaifiyarta ne, wadda ta rasu tun ita tana ƙarama. Ba hoto, ba zane, ba ko ɗan kunne. Masakin nan kaɗai ya zo hannunta daga uwarta. Ya tsufa har ya yi ja, jikinsa duk ɗinki. A ragaya yake rataye, ba ya saukowa sai in ana suna ko biki a unguwa za a dama fura. Ko a lokacin ma ba ta ba da aronsa a hannun kowa, ita za ta kai shi da kanta, ta tsaya a gama, ta wanke ta dawo da abinta.

Ranar da za ta tafi, ta riga ta sa mayafi sai ta juyo ta ce, "Duk abin da ke ɗakin nan ki yi amfani da shi. Masakin nan dai ki bar shi inda yake."

Na ce, "Haba Inna, me zan yi da tsohuwar ƙwarya?"

To, na bar shi fiye da wata guda. Saura 'yan kwanaki ta dawo aka tashi da wani ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ruwan rijiyarmu yana da laka da damina, ni kuwa ina da fararen riguna na aiki da nake son wankewa. Na jera bokiti da robobi a ƙarƙashin indararo, duk suka cika, ruwa bai tsaya ba. Sai idona ya faɗa kan ragaya. Na ce da kaina ai ruwa ne kawai, ba wuta ba. Na sauko da shi na tara.

Duk macen da ta tashi da ƙwarya ta san in ta cika ana tallabo ta ne ta ƙasa, da hannu biyu. Ni na yi shekaru a makarantar kwana da Garwa, hannuna ya saba da roba. Na kama bakinsa gefe da gefe, na ɗaga. Ƙarar ba ta ma da yawa, ƙas, shi ke nan. Ruwa ya kwarara min a ƙafa, na tsaya da rabi a hannun dama, rabi a hannun hagu. Innalillahi kawai nake maimaitawa, ruwan sama yana dukana ban ma sani ba.

Washegari kasuwarmu ke ci. Bari in ɗan tsaya a nan, don kasuwar nan nake kewa kusan yadda nake kewar mutanen gidanmu. Ba wata babbar kasuwa ba ce, rumfunan kara ne a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Tun daga bakin hanya kake jin maƙeri yana buga ƙarfe. Mutumin nan ba ya ƙera maka fartanya sai ya sa ka duƙa ya ga tsawon bayanka. Kusa da shi baduku, wanda bakinsa ba ya rabuwa da goro da tsiya. Akwai wani mai gyaran fitila da tocila da ya tara gilasai a kwali, akwai wanzami a kan buzunsa, can ƙarshe kuma su mahaifina da rumfar nama da ƙudaje. Fulatanci ake yi, a juya Hausa, a dawo, ba wanda ya damu. Kowa ya san 'yar wa ce ke, kuma kowa yana da abin da zai ce a kan tafiyarki.

Shago na gini guda ɗaya ne tak, butik muke ce masa. Mai shi wani dattijo ne Kirista, mutumin kan duwatsu, da ya sauko tun yana saurayi ya zauna a cikinmu. Hausarsa tana da gargada amma ba ya rasa abin faɗa. Sukari na ƙwaya, ashana, kananzir, sabulu, allura, batir, duk a wurinsa ake samu. A lokacin kuma ya fara kawo wani gam daga Marwa, ɗan ƙarami, irin mai liƙe yatsu in ya taɓa su. Shi na je nema.

Ya ce, "Metires! Jam na? Me za ki liƙa?"

Na ce, "Takalmi ne, Baba."

Ya ce, "Takalmi yana kamawa sosai." Ya miƙo min.

Na dawo gida na kulle ƙofa kamar mai satar kaza. Na zizara gam a bakin tsagar, na haɗa, na riƙe har hannuna ya gaji. Ya kama. Wallahi har rawa na taka a tsakar ɗaki, ina cewa ilimi dai daɗi ne. Abin da ban lura ba shi ne ya kama a karkace, gefe ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya. Da na zuba ruwa in gwada, sai ya fara tsiyaya, ya sake buɗewa, ya tafi da 'yan ɓarɓashi. Na koma butik na ƙaro wani. Wannan karon na yi masa wanka da gam ciki da waje, na samo robar tayar keke na ɗaure shi tamau don ya haɗu da kyau. Da gari ya waye na tarar robar ta matse shi har ya yi sabuwar tsaga ta gicciye.

A ranar ce direban wata motar shanu ya biyo ta rumfar mahaifina da saƙo: Inna tana nan tafe ranar Juma'a. Ranar Laraba ke nan.

Na koma butik karo na uku. Dattijon nan ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce, "Metires, takalmin nan naki na mutum nawa ne?"

Sai kawai na fashe da kuka a gaban buhun sukari. Na faɗa masa gaskiya. Ya dafe kai ya ce, "Hoɗijam! Masakin mamanki? Wanda aka dama fura a ciki ranar auren ɗana? Me ya sa kika ce takalmi? Da kin ce ƙwarya, ko za ki kwana a nan ba zan sayar miki ba. Ƙwarya gyartai ake kai wa."

Na ce ai na ɗauka gyartai ya mutu, tunda na daina ganinsa a kasuwa.

Ya ce, "Bai mutu ba, aikinsa ne ya mutu. Yana gida, bayan tsohuwar marina. Naɗe shi a zane ki kai masa yanzu-yanzu."

Ga waɗanda ba su san shi ba, gyartai shi ne mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Muna yara rumfarsa ce ta fi kowace cika ranar kasuwa. Matan Fulani masu nono za su zagaye shi da ƙorensu, yana huda da basilla, yana ɗinki da saiwar goriba da ya fasa sirara kamar zare, yana tsokanarsu suna ramawa. In ya gama, ƙwarya ta sha ruwa, zaren ya kumbura ya toshe hudar, ko ɗigo ba ya fita. Da roba da kwanon sha suka cika kasuwa, mata suka daina kai gyara. In ta fashe a jefar a sayi wata.

Na same shi zaune a zaure a kan tabarma, ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Bai gane ni ba sai da na faɗi 'yar wa ce. Amma tun kafin in ce komai idonsa yana kan ƙunshin da ke hannuna.

Ya ce, "Ƙwarya ce wannan?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Jama'a, ban taɓa ganin fuskar tsoho ta sauya haka ba. Ya gyara zama, ya ɗaga murya yana kiran matarsa: "Ke! Miƙo min jakar nan ta fata da ke saman gado. Ki jiƙa min saiwa, mai kyaun nan da na ajiye. Yi sauri mana, baƙuwa tana jira!" Matar ta leƙo tana dariya, ta ce min tun damina biyu da suka wuce ba wanda ya kawo masa aiki, kullum sai ya fito da basilla ya goge ya mayar. Ya zazzage jakar a kan tabarma, ya jera kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, yana ta surutu. Ni kuwa ina riƙe da ƙunshin, na kasa miƙawa.

Ya karɓa da kansa ya kwance. Bai ma gama buɗewa ba ya ce, "A'a, masakin uwarki ne! Sannu tsoho, ashe za mu sake haɗuwa." Ya bi tsofaffin ɗinkin da yatsa. "Waɗannan biyun na babana ne, tun zamanin kakarki. Dubi yadda yake karkata zare, ni ban taɓa iya wannan ba. Huɗun nan nawa ne. Wannan na farko, uwarki tana amarya ta kawo shi, akuya ta ture mata. Kuka take har da majina, na ce yi shiru yarinya, kafin la'asar za ki dama fura a ciki."

Na ce, "Inna? Inna ce ta yi kuka?"

Ya ce, "Ita fa. Na biyun ma ta yi, sai dai a ɓoye."

Daga nan yatsansa ya kai kan sabuwar tsagar. Ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa. Ya kai hanci ya sunsuna, ya kau da kai. Ya ɗaga ɓarin ya kara a idonsa mai gani. Surutun nan duk ya ɗauke.

"Me kika sa masa?"

Na faɗa masa, murya can ƙasa.

"Sau nawa?"

"Sau biyu, Baba."

Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki basilla ya kafa a gefen tsagar a hankali, ya murza. Wurin ya tsattsage, ɓarɓashi ya zubo. Ya matsa gaba kaɗan ya sake gwadawa, haka. Ya gwada wuri na uku. Sai ya ajiye basillar.

Ya ce, "'Yata, ƙwarya tana da nama, tana shan abin da aka ba ta. Ta shanye abin nan har ciki, bakin ya zama kamar kwalba. In na huda, fashewa yake. In na fere wurin da ya sha, ɓarin biyu ba za su sake haɗuwa ba. Ko da ma sun haɗu, wa zai sha fura da wannan warin? Da kin kawo min shi yadda ya fashe, ko gida uku ya rabu, da yanzu kina hanyar gida da shi."

Daidai nan matarsa ta shigo da saiwar da ta jiƙa a ɗan kwano. Ya dube ta ya ce, "Mayar." Wannan kalma ɗaya ta fi komai yi min ciwo a ranar.

Na zauna ina kuka, shi yana juya ɓarin a hannu. Can ya ce, "Akwai wurin da bai sha ba." Ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya fara yanka ta ƙasan masakin, ta inda ɗinkin babansa ya ratsa. Ya fere, ya kankare, ya goge baki da dutse, ya ɗauki lokaci kamar wanda ba ya so ya gama. Ya fitar da mara, irin wadda ake kwasar tuwo da ita, daidai tafin hannu, da tsohon ɗinki guda a tsakiyarta. Ya ce, "Ki kai mata wannan. Ki kai mata sauran ma, kar ki jefar. Ita ke da ikon jefarwa." Na miƙa masa goron da na zo da shi, ya ɗauki ɗaya ya mayar min da sauran.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta iso, da ƙura da gajiyar mota da tsarabar dankali. Na kawo ruwa, na kawo abinci, na tambayi jariri sau uku. Ta dube ni ta ce, "Lafiyarki kuwa?" Kafin in amsa ta shiga ɗaki. Na san idonta ya kai kan ragaya.

Na ɗauko ƙunshin na shiga, na durƙusa na ajiye a gabanta. Na faɗa mata komai, tun daga ruwan sama har gam, har ƙaryar takalmi, har gidan gyartai. Ina magana ina jiran kallon nan nata. Ba ta kalle ni ba. Ta zauna a bakin gado da mayafinta a jiki, ta ɗauki ɓarin ɗaya ta ɗora a cinya, tana shafa bayansa da tafin hannu. Ta daɗe a haka. Na ga hawaye yana sauka a kan ƙwaryar, karo na farko a rayuwata da na ga nata.

Ta ɗauki marar ta juya. Ta ce, "Shi ya yanka?"

Na ce, "Shi ne."

"Yana nan da ƙarfinsa?"

"Ido ɗaya ya tafi, Inna."

Ta gyaɗa kai. Sai ta ɗago ta dube ni, ba irin kallon da na sani ba. Ta ce, "Ni sau huɗu ina fasa shi. Da kin bar min shi a fashe, da na kai masa da kaina, mun gaisa." Sannan a hankali ta ce, "Ni kike tsoro har haka?"

Ta jira kaɗan. Da ta ga ba zan yi magana ba sai ta naɗe ɓarin a zanen, ta tura ƙarƙashin gado, ta miƙe ta ce, "Tashi ki ɗora ruwan tuwo, babanki ya kusa dawowa." Da marar nan ta kwashe tuwon ranar, da ita kuma ta ci gaba da kwashewa har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta sake tayar min da maganar ba ko sau ɗaya. Washegari da safe na ga ta sa mayafi ta zuba dankali a kwano ta nufi bayan marina.

Gyartai bai kai wata daminar ba. Ban san inda jakarsa ta fata ta shiga ba, 'ya'yansa duk direbobi ne. Bara na bi ta ƙauyen, na tarar an sare darbejiyoyin an yi shaguna na bulo da ƙofofin ƙarfe. Inda maƙeri yake, cajin waya ake yi. Butik yana nan, jikan dattijon ne a ciki, bai san ni ba, ni ma ban faɗa masa ba. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina neman mutum ɗaya da zai ce min 'yar wance, yaushe a gari. Ban samu ba. Ba na cewa roba ba ta da amfani, gidana cike yake da ita. Amma ina kewar lokacin da in abu ya fashe akwai mutumin da za ka kai wa, ya kuma san tarihin abin fiye da kai.

Mahaifiyata ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya bayan wannan abu. Mun zauna tare, mun yi hira, na yi jinyarta a nan Garwa. Sau da yawa na shirya zan ba ta amsar tambayar nan, sai in ce bari sai wani lokaci, kar in tayar mata da tsohon ciwo. Amsar kuwa ba ta da tsawo. Ba faɗanta na ji tsoro ba. Na san abin uwarta ne, shi kaɗai gare ta, kuma ban so in zama ni ce na raba ta da shi. Ita kuwa ta tafi tana zaton 'yarta tsoronta take ji.

Idan kun karanta wannan, ku sa ta a addu'a, ita da tsohon nan. Inna, ba tsoronki nake ji ba. Allah ya kai miki.